Tsakanin Mahan, Kennedy da Marder: Wanne Ya Kamata Ɗalibi Ya Fara Saya?

Ɗalibin Tarihi:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Ina karatun digiri na biyu a fannin tarihi, kuma binciken da aka amince in gudanar ya shafi manufofin rundunar sojin ruwan Birtaniya daga shekarar 1889, lokacin da majalisar dokokinsu ta zartar da dokar tsaron ruwa bisa ƙa'idar cewa dole rundunarsu ta kai ƙarfin rundunoni biyu da ke biye da ita idan aka haɗa su wuri guda, har zuwa 1914 da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Abin da nake son fahimta shi ne yadda ake yanke shawara a kan irin jiragen da za a ƙera, da yawansu, da inda za a girke su, da kuma wanda maganarsa ke rinjaye a ƙarshe, shin hafsoshin ruwa ne, ko masu riƙe da baitulmali, ko kuwa 'yan majalisa da jaridu.

Matsalata ita ce ɗakin karatun da nake zuwa ba shi da wadatattun littattafai a wannan fanni, kuma da yadda canjin kuɗi yake a yanzu, abin da ke hannuna ba zai wuce sayen littattafai biyu daga waje ba. Sunayen da na fi cin karo da su guda biyar ne: Alfred Mahan da littafinsa na 1890 a kan tasirin ƙarfin teku a tarihi, Julian Corbett da nasa na 1911 a kan ƙa'idojin dabarun yaƙin teku, Paul Kennedy da ya yi rubutu a kan hawa da saukar ƙarfin ruwan Birtaniya, N. A. M. Rodger mai mujalladi uku, sai Arthur Marder mai mujalladi biyar. Wasu da suka riga ni shiga fannin sun ce in fara da Mahan domin shi ne uban tafiyar, wasu kuma sun ce lokacinsa ya wuce, karanta shi ɓata lokaci ne. Ina kuma da burin, idan Allah ya nufa na kai ga digiri na uku, in koma kan tsaron Mashigin Tekun Gini, saboda haka zan so abin da na saya yau ya amfane ni a can ma. Ina roƙon waɗanda suka karanta waɗannan littattafai da idon basira su taimaka mini da shawara, tare da bayyana dalilinsu.

Tsohon Malamin Jami'a:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abu na farko, kada ka kashe ko kwabo a kan Mahan da Corbett. Mahan ya rasu a 1914, Corbett kuma a 1922, haƙƙin mallakar littattafan nan biyu ya daɗe da ƙarewa, kuma suna nan kyauta a shafin Project Gutenberg ga duk mai waya ko kwamfuta. Amma akwai dalilin da ya fi na kuɗi nauyi. Mutanen nan biyu sun rayu ne a cikin zamanin da kake bincike a kansa, kuma sun yi rubutu ne domin su juya akalar shawarwarin da kake son nazari. Don haka matsayinsu a wurinka na shaidu ne masu hannu a cikin shari'ar, za ka saurare su da kyau, amma ba za ka damƙa musu yanke hukunci ba.

Ɗauki Mahan. Littafinsa, The Influence of Sea Power upon History, ya samo asali ne daga laccocin da ya gabatar a kwalejin yaƙin ruwa ta Amurka da ke Newport, kuma ko da yake abin da ke cikinsa yaƙe-yaƙen Ingila da Holan da Faransa ne daga 1660 zuwa 1783, waɗanda yake kira da gaske su ne 'yan ƙasarsa, waɗanda a ganinsa suka yi sakaci da rundunarsu bayan yaƙin basasa. Gabatarwa da babin farko, inda ya jera abubuwa shida da ke ba ƙasa ƙarfi a teku, kama daga matsugunninta da yanayin gaɓarta har zuwa ɗabi'ar mutanenta da irin gwamnatinta, su ne ya wajaba ka karanta a tsanake. Sauran littafin labarin gumurzu ne da ya tattaro daga rubuce-rubucen waɗanda suka gabace shi, kuma masana na baya sun wuce shi nesa a wannan ɓangare. Ka kuma lura da wani abu da masu maimaita magana ba sa lura da shi: dokar 1889, wadda ta ware fam miliyan 21 da rabi domin ƙera jirage 70, ta riga littafin fitowa da shekara guda. Duk wanda ya ce maka Mahan ne ya haddasa gasar ƙera jirage, ka tambaye shi yadda zai yi da wannan lissafi. Abin da Mahan ya yi shi ne ya miƙa hujja shiryayyiya ga waɗanda dama sun riga sun ƙudurta, kamar Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu da Tirpitz, wanda ya jagoranci dokokin faɗaɗa rundunar Jamus a 1898 da 1900.

Littafin da nake ganin ya dace ka fara saya shi ne na Kennedy, The Rise and Fall of British Naval Mastery, wanda ya fito a 1976. Dalilina shi ne yana tilasta wa mai karatu ya riƙa kallon masana'antu da ciniki da haraji a duk lokacin da yake kallon jirgin yaƙi. Akwai babi guda a cikinsa da ya gwama tunanin Mahan da na Halford Mackinder, masanin labarin ƙasa da ya yi gargaɗi a 1904 cewa layin dogo na gab da mayar da rinjaye hannun ƙasashe masu faɗin ƙasa da yawan jama'a, kuma wannan babi ya faɗo daidai a tsakiyar zamaninka. Da shi za ka gane dalilin da ya sa ƙasar da ke alfahari da tsayuwa ita kaɗai ta ƙulla ƙawance da Japan a 1902, ta sasanta da Faransa a 1904, sannan da Rasha a 1907, a daidai lokacin da Amurka da Jamus suka zarce ta wajen sarrafa ƙarfe. Sai dai ka riƙe a zuciyarka cewa an rubuta shi ne a shekarun da tattalin arzikin Birtaniya ke cikin mawuyacin hali, har ta nemi bashi daga Asusun Lamuni na Duniya a shekarar da littafin ya fito, kuma a ganina wannan yanayi ya sa marubucin yana hango faɗuwa tun daga nesa, a wuraren da mutanen 1900 ba su ga alamarta ba.

Na biyu kuma, mujalladin farko na Marder, From the Dreadnought to Scapa Flow, wanda ya fito a 1961 kuma ya ɗauko daga 1904 zuwa 1914. Ba ka buƙatar sauran huɗun, domin su a kan yaƙin kansa suke. Marder Ba'amurke ne da aka ba shi damar duba takardun ma'aikatar rundunar ruwa tun kafin a buɗe su ga kowa, ya kuma yi hulɗa da tsofaffin hafsoshin da suka ga abin da idonsu, kuma duk wanda ya yi rubutu a bayansa, ko dai yana goyon bayansa ne ko yana ƙalubalantarsa.

Tsohon Hafsan Sojin Ruwa:

Allah ya gafarta Malam, na yarda da ku a kan Mahan, amma ina neman izinin in saɓa muku a kan Corbett. Mu da muka yi aikin, ba mu ɗauke shi shaidar wani zamani da ya shuɗe ba, domin har yau ana koyar da shi a kwalejojin horar da hafsoshi, kuma ɗalibin da ke son rarrabe manufa mai ma'ana da marar ma'ana yana buƙatar ma'aunin da zai auna da shi. Corbett lauya ne ta fuskar karatu, bai taɓa jagorantar jirgin yaƙi ba, wannan kuwa ya sa wasu hafsoshin zamaninsa suka riƙa yi masa kallon mai shisshigi. Duk da haka shi ne ya fayyace cewa teku ba fili ba ne da za a ci da yaƙi a kafa tuta a zauna, abin da ake kira mallakar teku bai wuce iko da hanyoyin da jirage ke bi ba, kuma a mafi yawan lokutan yaƙi babu ɓangaren da ke da wannan iko cikakke. Ya kuma nace cewa tun da mutane a tudu suke zaune, to a tudu ake warware manyan rigingimu, aikin rundunar ruwa shi ne ta buɗe wa sojan ƙasa hanya ko ta toshe wa abokin gaba numfashi.

Ga misalin da zai nuna wa ɗalibinmu amfanin wannan ma'auni. A gumurzun Jutland, ranar 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yunin 1916, Birtaniya ta yi asarar jirage 14 da mutane sama da 6,000, Jamus kuwa jirage 11 da mutane kusan 2,500. Wanda ya tashi da tunanin cewa babban karo guda shi ne komai zai ce Jamus ta yi nasara, ko aƙalla Birtaniya ta ji kunya. Wanda ya karanta Corbett zai tambaya: washegari, jiragen kasuwancin wa ke ci gaba da zirga-zirga, na wa kuma ke ɗaure a tasha? Ƙawanyar da aka yi wa Jamus ba ta sassauta ba har ƙarshen yaƙin. Batun ya yi zafi a cikin rundunar kanta, har ta kai ga lokacin da mujalladi na uku na tarihin yaƙin da aka ɗora wa Corbett alhakin rubutawa ya fito a 1923, bayan rasuwarsa, hukumar rundunar ta sanya sanarwa a farkonsa tana nesanta kanta daga abin da ta kira rage muhimmancin neman karo da abokin gaba.

Ba ina cewa bai yi kuskure ba. A littafin 1911 ya nuna shakku a kan amfanin tara jiragen kasuwanci su tafi a ayari ɗaya da rakiyar jiragen yaƙi, yana ganin zamanin injin tururi ya rage wa tsarin daraja. Sai ga shi a watan Afrilun 1917 kaɗai jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus sun nutsar da jiragen da nauyinsu ya haura tan 800,000, kuma ba a samu sauƙi ba sai da aka koma ga tsarin ayarin, wato abin da fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suka daɗe da sani, cewa ɗan fashi ya fi samun sa'a a kan matafiyin da ya ware shi kaɗai. Ɗalibi ya karanta shi da sanin wannan.

Game da littafi na biyu da za a saya, ni Rodger zan zaɓa a madadin Marder. Mujalladinsa na uku, The Price of Victory, ya fito a 2024 kuma ya ɗauko daga 1815 zuwa 1945, wato zamanin binciken yana cikinsa gaba ɗaya, kuma an rubuta shi ne bayan duk muhawarar da ta biyo bayan Marder. Abin da ya ɗaga Rodger a idona shi ne tsarin da ya bi tun daga mujalladin farko na 1997, inda yake ware babi ga yaƙi, babi ga gudanarwa da kuɗi, babi ga jirage da makamai, babi kuma ga rayuwar mutanen da ke cikin jirgin. A mujalladi na biyu, wanda ya fito a 2004, mai karatu zai ga cewa nasarar Admiral Hawke na Birtaniya a kan Faransawa a mashigin ruwan Quiberon cikin Nuwamban 1759 ta fara ne watanni kafin a harba igwa ko ɗaya, lokacin da ake ta aika ƙananan jirage ɗauke da shanu masu rai da ganyaye zuwa ga rundunar da ke gadin mashigar Brest, domin kada ciwon da rashin ɗanyen abinci ke jawowa ya kwantar da ma'aikatan kamar yadda ya saba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan jirgi yana jiran man da bai iso ba, ko wani ɗan ƙarfe na inji da aka yi odarsa daga waje, ya san cewa a nan manufa take tabbata ko ta rushe.

A kan burinka na Mashigin Tekun Gini kuwa, ɗana, ina ba ka shawara kada ka ɗora wa waɗannan littattafai nauyin da ba nasu ba. An rubuta su ne a kan manyan dauloli masu neman rinjaye a tekunan duniya. Aikin rundunoninmu a yau ya fi karkata ga gadin mil 200 na ruwan da yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon cin arzikinsa, da yaƙi da 'yan fashin teku da ɓarayin ɗanyen mai da masu kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, da haɗin gwiwar da aka rattaba wa hannu a Yawunde a 2013. Idan lokacin ya zo, ka nemi Ken Booth, Navies and Foreign Policy na 1977, wanda ya kasa aikin rundunar ruwa gida uku, na yaƙi da na diflomasiyya da na tsare doka, sannan Geoffrey Till da ya faɗaɗa batun zuwa wannan ƙarni. Corbett kaɗai ne daga jerin naka zai bi ka har can, kuma za ka ga tunaninsa a fili idan ka nazarci saukar sojojin tarayya a Bonny ta ruwa cikin Yulin 1967, a yaƙin basasar Najeriya, da ƙawanyar da ta biyo baya.

Malama Mai Binciken Digiri na Uku:

Ina gaida Malam, ina kuma gaida Yallaɓai. Ina so in ja hankalin ɗan'uwana ga wani abu da zai iya zame masa matsala ranar kare kundinsa. Idan ya dogara da Marder shi kaɗai, zai gabatar da bayanin da aka shafe fiye da shekara talatin ana jayayya a kansa kamar dai magana ce da aka gama. Marder ya tafi a kan cewa sauye-sauyen da Admiral John Fisher ya kawo bayan ya zama babban hafsan rundunar a Oktoban 1904, wato yin watsi da tsofaffin jirage kusan 150, da janyo ƙarfin rundunar zuwa ruwan gida, da ƙera jirgin Dreadnought mai manyan igwa goma da aka saka a ruwa a 1906, duk martani ne ga barazanar Jamus. A 1989 Jon Sumida ya fito da In Defence of Naval Supremacy, inda ya ce tushen al'amarin kuɗi ne. Yaƙin da Birtaniya ta yi da Turawan Buwa (Boer) a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 ya lashe sama da fam miliyan 200, kasafin rundunar ruwa ya doshi fam miliyan 37 a 1904, kuma an kawo Fisher ne domin ya rage kashe kuɗi ba tare da ƙarfi ya ragu ba. A fahimtar Sumida, abin da Fisher ya fi so shi ne manyan jirage masu gudu waɗanda aka rage musu kaurin sulke, da za su iya kai ɗauki ko'ina a daular, bisa fatan cewa sabuwar na'urar saita igwa za ta ba su damar bugun abokin gaba daga nesa. Bayan shekara goma Nicholas Lambert ya ƙara da cewa Fisher ya yi niyyar barin gadin ruwan gida a hannun ƙananan jirage da na ƙarƙashin ruwa.

Su ma ba a bar su haka ba. John Brooks ya sake bin diddigin batun na'urar saita igwa a 2005 ya kuma saɓa wa Sumida, Matthew Seligmann kuma a 2012 ya kawo takardun da ke nuna cewa hukumar rundunar ta damu da Jamus tun farkon ƙarnin, musamman tsoron kada a ɗora wa manyan jiragen fasinjanta masu gudu makamai su far wa jiragen kasuwanci. Wannan saɓani shi ne ainihin inda tambayar ɗan'uwana take, domin ya ce yana son sanin wanda maganarsa ke rinjaye tsakanin hafsoshi da baitulmali. Da girmamawa ga Yallaɓai, Rodger zai ba shi hukuncin masani guda a kan muhawarar cikin 'yan shafuka, alhali ɗalibin digiri na biyu ana so ne ya shiga cikinta da kansa ya ga yadda kowane ɓangare ya yi amfani da hujjarsa.

Akwai kuma abin da na saba yi kafin in sayi kowane littafi mai tsada: ina fara duba hashiyarsa da jerin manazartarsa kafin in karanta gabatarwa. Wanda ya yi haka da Marder zai tarar cewa a wurare da dama ya ambaci takardun ma'aikatar ne a dunƙule ba tare da lambar fayil ba, saboda a lokacin da ya gan su ba a riga an tsara su yadda suke yanzu a ma'adanar takardun gwamnati da ke Kew ba, wannan kuwa yana wahalar da mai son ya bi sawunsa. Sannan mujallu irin su The Mariner's Mirror da War in History sun buga sharhi da martani masu yawa a kan waɗannan littattafai, kuma maƙala mai shafi ashirin takan ba mutum zuciyar hujjar marubuci kafin ya yanke shawarar sayen littafinsa.

Ɗalibin Tarihi:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara wa Malam lafiya, ya ja da ran Yallaɓai. Bayanin Malama ya sa na ga cewa shekaru 25 sun yi wa kundin digiri na biyu yawa, kuma ina tunanin in nemi izinin mai duba aikina in taƙaita binciken daga 1904 zuwa 1909, wato daga zuwan Fisher zuwa rikicin kasafin da ya kai ga amincewa da ƙera manyan jirage takwas a shekara guda. Idan aka amince da haka, shin Kennedy yana nan a matsayin na farko, ko kuwa in mayar da kuɗin kan Marder da Sumida?

Tsohon Malamin Jami'a:

Taƙaitawar ta yi daidai, kuma ita ce ta sauya amsar. Shawarata ta farko na ba da ita ne ga mai nazarin rubu'in ƙarni, wanda ke buƙatar littafin da zai nuna masa faɗin filin. Mai nazarin shekara biyar yana buƙatar littattafai biyu da suka kalli abu ɗaya suka saɓa, saboda haka ina goyon bayan Malama: ka sayi mujalladin farko na Marder da littafin Sumida. Kennedy an sake buga shi sau da dama, shi ne mafi sauƙin samu aro a cikinsu, kuma babi biyu ko uku kawai kake buƙata daga gare shi. Maganar Yallaɓai a kan Corbett ma na karɓe ta, tare da ƙarin cewa a zamanin da ka zaɓa Corbett na kusa da Fisher, yana koyar da hafsoshi yana kuma kare sauye-sauyensa a rubuce, don haka za ka amfana da shi ta fuska biyu, a matsayin ma'auni da kuma a matsayin ɗan cikin gida. Rodger kuwa ka sa shi a gaba domin ranar da hali ya samu, littafi ne na ajiyewa a gida a riƙa komawa gare shi.

Ka fara da Marder, domin Sumida ya rubuta nasa ne yana ɗauka cewa mai karatu ya riga ya san labarin da yake ƙalubalanta, kuma babobinsa na tsakiya a kan lissafin saita igwa suna da nauyi ƙwarai ga wanda bai saba da fannin ba. Ka ware littafin rubutu, ka raba kowane shafi biyu, duk shawarar da aka yanke ka rubuta abin da Marder ya ce ya jawo ta a dama, abin da Sumida ya ce a hagu, tare da takardar da kowannensu ya kafa hujja da ita da kwanan watanta. Za ka tarar a wasu wuraren takarda ɗaya suka karanta suka fahimce ta daban, a wasu kuma ɗaya ya ga abin da ɗayan bai gani ba, kuma waɗannan wurare su ne za su zama babobin kundinka. Ka sa ido musamman a kan yadda kasafin ya sauka zuwa kusan fam miliyan 31 a 1907 a hannun gwamnatin masu sassaucin ra'ayi, wadda ta yi alkawarin fanshon tsofaffi ta kuma zartar da shi a 1908, sannan ya sake hawa har ya haura miliyan 50 a 1914.

Akwai kuma tushe na asali da ba zai ci maka kuɗi ba, wanda ɗalibanmu ba su cika waiwaya ba. Muhawarorin majalisar dokokin Birtaniya na wancan zamani, waɗanda ake kira Hansard, suna kan intanet kyauta, kuma a kowace shekara ana tafka muhawara a kan kasafin rundunar ruwa. Ka nemi zaman ranar 16 ga Maris 1909, inda ministan rundunar, Reginald McKenna, ya gabatar da shirin ƙera manyan jirage huɗu irin Dreadnought nan take da wasu huɗu idan buƙata ta taso, yana kafa hujja da saurin da Jamus ke yi wajen ƙera nata, alhali a cikin majalisar ministoci Lloyd George da Churchill sun tsaya a kan cewa huɗu sun isa. Daga nan ka bi zaman watan Yuli na shekarar, lokacin da aka tabbatar da ƙarin huɗun bayan labarin cewa Ostiriya da Italiya ma sun shiga ƙera irin waɗannan jirage. Idan ka karanta zaman biyun kafin littattafan su iso, ka turo mana abin da ka fahimta game da alƙaluman da McKenna ya bayar a kan Jamus, domin a kansu ne za ka fara gwada marubutan naka biyu.